Hasken Terahaz da Ciwon Dajin Fata: Nazari Daga Arewacin Kogin Kaduna

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana wata hanya ta ɗaukar hoton fatar ɗan'adam da wani irin haske da ido ba ya gani, wanda masana kimiyya suke kira terahaz, sa'an nan a gwada ta da irin ciwon dajin fata da ake kai wa asibitocinmu na Kaduna da Zariya, a ga inda za ta yi rana da inda ba za ta yi ba. Mai yiwuwa ne wani daga cikin malamaina ko 'yan'uwana ɗalibai ya tambayi abin da ya kawo wannan zance cikin mujallar Sashen Hausa. Amsar ita ce, majiyyacin da za a kwantar a gaban na'ura a Unguwar Rimi ko Kawo, da Hausa za a yi masa bayani, kuma da Hausa zai koma gida ya yi shawara da danginsa ko ya yarda a yanka ko kada ya yarda.

Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan haske yana da kaifin gani amma gajeren hange ne da shi, domin ganinsa a cikin fata bai kai zurfin milimita guda ba. Saboda haka amfaninsa a wurinmu ya rataya ne a kan lokacin da mara lafiya ya iso hannun likita.

Ma'anar Terahaz

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa da sauraren Rediyon Kaduna ya saba jin an ce ana kama tashar a kan mita 49, gajeren zango. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi abin da ake aunawa da wannan mita. To, saƙon rediyo yana tafiya ne cikin sarari tamkar igiyar ruwa, tudu da kwari, tudu da kwari, kuma tazarar da ke tsakanin wannan tudu da na gaba ita ce zango. Idan zangon ya kai mita 49, igiyar tana kaɗawa wajen sau miliyan 6 a cikin daƙiƙa guda. Kowane kaɗawa ɗaya a daƙiƙa ana kiransa haz, domin tunawa da Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar waɗannan igiyoyi a tsakanin 1887 da 1888.

Abin mamaki a nan shi ne, igiyar rediyo da hasken rana da hoton eksire da ake ɗauka don duba karaya duk dangi ɗaya ne, bambancinsu kawai tsawon zango. Gwargwadon gajartar zango, gwargwadon yawan kaɗawa. Tashoshin FM zangonsu wajen mita 3 ne. Na'urar ɗumama abinci ta zamani tana aiki da zangon santimita 12. Hasken da idonmu yake gani kuwa, daga ja zuwa shuni, zangonsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Idan aka ƙetare shuni sai a shiga wani haske da ba a gani, wanda za mu kira hasken ƙetaren shuni, shi ne mai ƙona fata a cikin rana, kuma za mu sake komowa kansa. Gaba da shi akwai eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895.

Terahaz yana zaune ne tsakanin igiyoyin rediyo mafiya gajarta da kuma ɗumin da jiki yake ji idan an matso kusa da murhu. Terahaz ɗaya yana nufin kaɗawa sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, watau miliyan sau miliyan, zangonsa kuwa milimita 0.3 ne. Masana sun iyakance yankinsa daga terahaz 0.1 zuwa 10. An daɗe ana kiran wannan yanki giɓi, domin ya yi wa kayan rediyo sauri, ya kuma yi wa kayan fitilu da madubai nawa, har aka shafe shekaru ba mai iya samar da shi ko auna shi cikin sauƙi.

Siffofi biyu na wannan haske su ne suka jawo hankalin likitoci. Ta farko, ba shi da ƙarfin fasa ƙwayoyin halitta. Ƙarfin kowane ɗigo na eksire ya ninka nasa fiye da sau miliyan, shi ya sa ake taƙaita yawan hoton eksire ga mutum, ake kuma kiyaye mai juna biyu daga gare shi, alhali terahaz ba ya cikin jinsin hasken da ke wannan ɓarna. Ta biyu, ruwa yana shanye shi da gaggawa. Yana ratsa takarda da tufafi da roba, amma da zarar ya haɗu da danshi sai tafiyarsa ta ƙare. Wannan siffa ta biyu ita ce jarinsa, ita ce kuma tarnaƙinsa.

Yadda Ake Ɗaukar Hoton

Wanda ya buɗe hanya shi ne David Auston na ɗakunan binciken kamfanin Bell a Amurka, wanda tun daga shekarun 1970 ya nuna cewa idan aka haska walƙiyar lesa mai matuƙar gajarta a kan wani ɗan guntun sinadari da ke tsakanin wayoyi biyu masu ɗauke da lantarki, wuta za ta gilma ta ɗauke nan take, wannan gilmawar kuwa sai ta haifar da igiya. A 1995 waɗansu masana biyu na wannan wuri, Binbin Hu da Martin Nuss, suka fitar da hotunan farko da aka ɗauka da terahaz. Cikinsu har da hoton ganye, ɗaya yana ɗanye, ɗaya bayan kwana biyu da tsinke shi, aka ga yadda ruwa ya janye daga jikinsa. Ashe tun ran farko abin da na'urar take gani ke nan, inda ruwa yake da inda babu.

A jikin mutum ba a iya ratsa hasken daga wannan gefe zuwa wancan kamar eksire, sai dai a yi amfani da amsa-kuwwa. Misalinsa kamar wanda ya tsaya bakin rijiya ya yi kira, ya kuma ƙiyasta zurfinta daga jinkirin da muryarsa ta yi kafin ta komo. Ana ɗora wata 'yar taga mai kama da gilashi a kan fata, a harba walƙiyar terahaz wadda tsawon ranta bai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa ba. Wani sashe na walƙiyar zai dawo daga saman fata, wani ya ɗan nutsa ya dawo daga inda wannan shimfiɗa ta haɗu da ta ƙasa. Jinkirin dawowa yana nuna zurfi, raunin abin da ya dawo kuwa yana nuna yawan ruwan da ya tarar. Ana maimaita haka ɗigo bayan ɗigo, kwamfuta ta harhaɗa su su zama taswira.

Fata da Ire-iren Dajinta

Fata hawa-hawa ce. Ta sama, wadda muke taɓawa, kaurinta a yawancin jiki wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, ban da tafin hannu da tafin ƙafa inda takan kai milimita guda ko fiye. A tushen wannan shimfiɗa ake haihuwar sababbin ƙwayoyi, su yi ta turo juna sama suna baje wa, har su mutu su zama busasshen ɓawon da ke saɓulewa in an yi wanka. A cikin tushen nan ne kuma ake da ƙwayoyin da ke yin melanin, watau sinadarin da ya sa fatarmu baƙa, wanda yake tare hasken ƙetaren shuni kamar laima. Ƙarƙashin wannan akwai shimfiɗa mai kauri inda jijiyoyin jini da saiwar gashi suke.

Manyan ire-iren dajin fata uku ne. Akwai wanda za mu kira dajin tushe, mai tasowa daga ƙwayoyin tushen nan. Yana girma a hankali, da ƙyar yake yaɗuwa zuwa waɗansu gaɓoɓi, sai dai yana cin wurin da ya zauna, kuma shi ne ya fi kowane irin daji yawa a tsakanin Turawa. Akwai dajin ɓamɓaroki, mai tasowa daga ƙwayoyin da suka baje a sama, wanda yakan fara da kaushi ko miki, yana kuma iya bin hanyar kaluluwa ya bazu. Na uku shi ne melanoma, dajin ƙwayoyin launi, wanda ya fi su duka saurin kisa.

Tsokar da daji ya kama takan fi lafiyayya tara ruwa, saboda yawan jijiyoyin jini da kumburi da cunkoson ƙwayoyi. Wannan bambanci ne terahaz yake kamawa.

Gwajin Kembirij

A 2001 aka kafa kamfanin TeraView a Kembirij ta Ingila, ya ɓullo daga ɗakin binciken Toshiba da ke can. Masanansa, irin su Ruth Woodward da Vincent Wallace, suka haɗa kai da likitocin fata na asibitin Addenbrooke, suka shiga gwada na'urar a kan dajin tushe. Matsalar da suke son warwarewa sananniya ce ga kowane likitan fiɗa. Abin da ido yake gani na ƙari bai cika zama iyakarsa ba, sau da yawa yana da saiwoyi da suka miƙe ƙarƙashin fata mai kama da lafiyayya. In likita ya yanka kaɗan, ciwo ya dawo. In ya yanka da yawa, ya ɓata fuska, ga shi kuwa a hanci da fatar ido da kunne wannan ciwo ya fi zama. Maganin da Frederic Mohs na Amurka ya ƙago a shekarun 1930 shi ne a yanka sala-sala, kowane sala a kai shi ƙarƙashin madubin likita kafin a ci gaba, aiki mai kyau amma mai cin lokaci da kuɗi da ƙwararru.

A rahoton da suka buga a 2004, sun ɗauki hoton ƙari 18 bayan an yanke su, da kuma 5 suna jikin masu su. Suka sami cewa wurin da daji yake ya bambanta da lafiyayyar fata a hoton terahaz, kuma faɗin da hoton ya nuna ya yi daidai gwargwado da abin da madubin likita ya tabbatar daga baya. Tun daga nan bincike bai tsaya ba, musamman a hannun Emma Pickwell-MacPherson ta Jami'ar Warwick, wadda ita da abokan aikinta suka mai da hankali ga na'urar da za a riƙe a hannu a ɗora wa majiyyaci. Duk da haka, bayan fiye da shekara ashirin, terahaz bai zama kayan aikin yau da kullum a asibiti ba, ko a Ingilar ma. Dalili ɗaya shi ne tsada. Wani dalilin shi ne, mafi ƙanƙantar abin da yake iya rarrabewa ya ninka ƙwayar halitta sau da dama a girma, don haka ba ya ganin ƙwayar da idonsa, alamar ruwanta kawai yake gani. Kumburi na ƙwayar cuta ko tsohon tabo ma suna iya sauya ruwan fata. Hukuncin ƙarshe har gobe yana hannun mai duba yankakkiyar tsoka a ɗakin awo.

Abin da Ake Gani a Kaduna

Yanzu sai mu dawo gida. Mutumin Badarawa ko Malali ko Unguwar Shanu da fatarsa ta dame shi, in ciwon ya gagari kemis da ƙaramin asibiti, yawanci sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, wanda ke ɗauke da sunan Dokta Russell Barau Dikko, likita na farko daga Arewa, ko kuwa a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, tafiyar kilomita 80 da ɗoriya, inda sashen gashin daji yake. Dajin fatar da likitocin waɗannan wurare suke karɓa ya sha bamban da na Kembirij. Dajin tushe kaɗan ne a cikin baƙar fata, saboda laimar melanin. Rahotannin likitocin Zariya da Kano sun nuna dajin ɓamɓaroki ne a kan gaba, kuma mafi yawansa a ƙafa yake, ba a fuska ba.

Asalinsa kuwa abu ne da kowane Bahaushe ya sani, watau gyambo. Mikin da ya ƙi warkewa shekara da shekaru, ko tabon ƙuna na tun ƙuruciya, yana iya rikiɗa ya zama daji. Likitoci suna kiransa mikin Marjolin, da sunan Bafaranshen da ya siffanta irinsa a 1828. A nan harshe yana da hannu a cikin lamarin. Kalmar gyambo tana ɗauke da ma'anar abin da aka saba da shi, a wanke, a barbaɗa magani, a ɗaure da tsumma a ci gaba da harka. Kalmar daji ko sankara kuwa tana ɗauke da firgici, har waɗansu suna da imanin cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya haukace. Tsakanin sabo da gyambo da tsoron wuƙa sai shekaru su shuɗe, bakin mikin ya yi tudu ya juye waje, ya fara wari da zubar jini, wani lokaci har ya taɓa ƙashi. Wanda ya iso asibiti a wannan hali ba ya bukatar na'urar da ke leƙa rabin milimita. Ido ma ya isa, abin da ya rage shi ne a san zurfin ɓarnar, wannan kuwa aikin eksire ne da manyan na'urorin hoto.

Melanoma a wurinmu ya fi fitowa a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta cika gani ba. Manomi ko ɗan dako sai ya ɗauka ƙaya ce ko sartse ya taka. A nan akwai wata fa'ida da ya kamata a ba terahaz haƙƙinsa a kanta. Hanyoyin da ke dogara da hasken ido, har da madubin da likitan fata yake ɗorawa a kan tabo, an gina iliminsu ne galibi a kan farar fata, inda baƙin ɗigo yake fitowa fili kamar tawada a takarda. Terahaz kuwa ruwa ne ya fi rinjayar abin da yake gani, launi ba shi ne kan gaba ba. Sai dai tafin ƙafar mai yawo cikin faso da kanta yana da kauri, ciwon kuma yana can ƙasa da shi, ga shi melanoma zurfinsa ake aunawa kafin faɗinsa.

Waɗanda nake ganin wannan fasaha ta fi kusa da bukatarsu su ne zabiya. Zabiyanci gado ne da ake samu idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayarsa, ko da su kansu baƙaƙe ne, kuma a irin wannan aure kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin iska ba. Ƙiyasin da aka saba kawowa ga Afirka kudu da Sahara shi ne mutum ɗaya cikin 5,000 zuwa 15,000. Fatar zabiya ba ta da laimar da muka ambata, ga Kaduna kuwa tana wajen digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, inda rana take dukan ƙasa kusan a tsaye duk shekara. Yaro zabiya da ke talla a tashar Kawo ko yake bin layin makaranta ba hula, fatarsa tana tara ɓarnar da ba ta gogewa. Tun a 1975 Dokta A. N. Okoro ya buga nazarin zabiya 1,000 a Nijeriya, ya nuna yadda rana take lalata fatarsu tun da ƙuruciya da kuma ƙarancin waɗanda suka manyanta a cikinsu. A 1993 likitocin Zariya biyu, Yakubu da Mabogunje, suka ba da rahoton zabiyan da suka yi wa aiki, dajin ɓamɓaroki ne ya fi yawa, kuma a kai da wuya.

To, a nan ne siffar ciwon ta yi kama da ta Kembirij. Yana farawa ne a sama-sama, ɗan kaushi a goshi ko kunne ko leɓe wanda ba ya jin mai, kuma a fuska yake, inda kowace milimita da wuƙa za ta ɗauka tana da daraja. Bugu da ƙari, fuskar zabiya da ya kai shekara ashirin takan cika da tabo iri-iri, ba kuwa zai yiwu a yanki tsoka daga kowanne a kai awo ba. Na'urar da za ta nuna wa likita wanda ya fi cancanta a fara yanka, wadda kuma za a iya maimaitawa kowane wata shida ba tare da fargabar eksire ba, lalle da ta yi amfani. Amma fa a lura, shaidar da aka fi tarawa a kan dajin tushe take, ba a kan dajin ɓamɓaroki ba, kuma a jikin Turawa aka tara ta.

A gefe guda, abubuwan da ke hana ciwon tasowa tun farko ba su da tsadar lesa: malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, zama a inuwa tsakanin hantsi da la'asar, da man kare rana. Gidauniyar Albino da Jake Epelle ya kafa a 2006 ta daɗe tana wannan kira, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 13 ga Yuni don wayar da kai a kan zabiyanci, aka fara a 2015.

Hunturu da Damina

Saura wata matsala da mai zama a Ingila ba zai ji nauyinta kamar mu ba. Tun da na'urar ruwa take aunawa, duk abin da ya taɓa ruwan fata ya taɓa sakamakonta. Masanan Warwick da abokan aikinsu sun nuna cewa ƙarfin da aka danna tagar da shi a kan fata yana sauya awo, haka ma daɗewar da ta yi a wurin, domin fatar da aka toshe takan fara tara danshi cikin daƙiƙoƙi. Man shafawa ma yana sauya shi. Hatta tururin ruwa da ke cikin iskar ɗaki yana shan terahaz, shi ya sa ake busar da hanyar da hasken yake bi a cikin na'urar.

A Kaduna fatar mutum ɗaya iri biyu ce a shekara. A Janairu, lokacin da buji ya rufe gari, tana bushewa ta yi furu-furu har leɓe ya tsage, kowa kuma ya dulmuya cikin basilin da man kaɗanya. A Agusta kuwa, ga marka ga gumi. Ma'aunin da aka tsara a kan fatar mutanen Kembirij ba za a ɗauko shi haka nan a ɗora wa matar da ta shafo man kaɗanya ta hau Keke Napep daga Hayin Banki cikin hunturu ba. Kafin a amince da hukuncin irin wannan na'ura a nan, sai an fara auna lafiyayyar fata tukuna, ta baƙi da ta zabiya, a goshi da kunne da ƙwauri da tafin ƙafa, a hunturu da bazara da damina, a rubuta irin man da kowa ya shafa da sa'ar da ya shafa shi. Bayan haka sai a ɗauki hoton kowane ƙari kafin a yanke shi, a ajiye, a jira takardar ɗakin awo ta fito a gwada su. Wannan aiki ne na likitan fata da masanin kimiyyar haske, da kuma wanda zai zauna da majiyyaci ya fahimtar da shi da Hausa cewa wannan hoton ba gashi ba ne, ba kuma allura ba ce, kuma ba zai hana a yanki tsokar a kai awo ba.